Azama Kafin Faɗuwa, Tashi Bayanta: Nasiha Ga Matasa Kan Barin Shaye-Shaye

 Ya ku samari da 'yan mata, ina so in yi magana da ku a kan shaye-shaye, amma ba zan ɓata muku lokaci da faɗin cewa haramun ne ko yana kashe jiki ba, domin tun daga liman a kan mumbari har zuwa uwa a tsakar gida babu wanda bai faɗa muku wannan ba, kuma shi kansa wanda ya kamu da jarabar, in ka zauna da shi a lokacin da yake cikin hayyacinsa, zai lissafa maka illolinta fiye da yadda kai za ka iya lissafa masa. Abin da ya rasa shi ne sanin yadda zai yi da kansa a cikin sa'ar nan guda, bayan an yi masa faɗa a gida, ko bayan ya wuni yana neman aiki bai samu ba, lokacin da ƙirjinsa ke tafasa, ƙafarsa kuma ta san hanyar da take bi. A kan wannan sa'a nake son mu tsaya, kuma zan kawo muku labarin wata hanyar magani da aka ƙago a Amurka, wadda ta ɗauki wannan sa'ar da muhimmanci ƙwarai.

Al'amarin kuwa ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana sakamakonsa a farkon shekarar 2019, ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda; daga cikinsu wajen miliyan 10.6 wiwi suke sha, miliyan 4.6 ƙwayoyin kashe zafin ciwo irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin da makamantansa, sannan ɗaya daga kowane mutum huɗu mace ce. A watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, kuma hanin ya yi amfaninsa. Sai dai doka tana iya rufe kanti, amma ba ta da ikon shiga zuciyar wanda ya saba da zuwa kantin.

Wadda ta ƙago hanyar da nake nufi sunanta Marsha Linehan, an haife ta a garin Tulsa na jihar Oklahoma a 1943. Tana da shekara 17, a 1961, aka kwantar da ita a wani asibitin masu taɓin hankali da ke garin Hartford, inda ta yi wata 26 tana yankar jikinta, tana ƙona shi da wutar sigari, ana kulle ta a ɗaki ita kaɗai, ana yi mata magani da lantarki da ƙwayoyi masu nauyi, har likitoci suka ɗauke ta cikin waɗanda cutarsu ta fi tsanani a asibitin. Ta yi wa kanta alkawari cewa in ta fita daga wannan azaba za ta dawo ta fitar da wasu, kuma ta cika: ta yi karatu har ta sami digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Loyola ta Chicago a 1971, ta koma Jami'ar Washington da ke Seattle a 1977, ta kuma ɓoye tarihin jinyarta har 2011, sa'ad da ta tsaya a wannan asibitin da aka taɓa kulle ta ta bayyana shi a bainar jama'a.

Da ta fara aiki da matan da suka sha yunƙurin kashe kansu, sai ta bi hanyar da aka koya mata, wato ta nuna wa mara lafiya inda halinsa ya karkace, ta matsa masa ya gyara. Matan suka ji kamar ana ce musu laifinsu ne, wasu suka fusata, wasu suka daina zuwa. Da ta juya ta koma sauraro da tausayawa zalla, sai suka ce da ita, to, ashe ba za ta taimake su su fita daga halin da suke ciki ba ke nan? Daga nan ta fahimci cewa dole a riƙe abu biyu masu kama da kishiyoyin juna a lokaci ɗaya: a karɓi mutum yadda yake a yau, a gaskata cewa zafin da yake ji na gaske ne kuma yana da dalili, sannan a tsaya kai da fata a kan cewa wajibi ne ya sauya. Ita Kirista ce 'yar ɗariƙar Katolika, ta kuma koyi zaman natsuwa wurin malaman Zen na addinin Buda, amma ta tsame abin da ta koya daga rigar addini ta mayar da shi darussan da kowa zai iya yi. Wannan hanya ta gyaran hali ta daidaita kishiyoyi biyu ita ake taƙaita sunanta da DBT. An buga sakamakon gwajinta na farko a 1991, littafinta kuma ya fito a 1993, daga baya ita da abokiyar aikinta Linda Dimeff suka gyara ta domin masu jarabar ƙwaya.

Tushen bayanin shi ne, Allah ya halicci wasu mutane da zuciya mai saurin kamawa: abin da zai taɓa wani kaɗan, su sai ya ƙone su, kuma sukan daɗe ba su huce ba. Idan irin wannan yaro ya tashi a inda duk lokacin da ya nuna damuwa sai a ce masa ragwanci ne, ko shagwaɓa, ko namiji ba ya kuka, to zai girma bai san sunan abin da yake ji ba, balle yadda zai lallashe shi, kuma zai koyi zargin kansa a kan jin da bai da iko da zuwansa. Ranar da wani aboki ya miƙa masa kwalba ko ƙwaya, ya ji a cikin rabin sa'a wutar ta mutu, ya sami abin da yake yi masa aiki nan take, ko da yake bashi ne da za a biya da riba mai tsanani. Ba na faɗin wannan don a ɗora wa iyaye laifi, domin akasarinsu sun yi tarbiyya ne da abin da suka gada kuma da kyakkyawar niyya. Ina faɗa ne don ku gane cewa wanda aka ƙwace wa ƙwaya ba tare da an ba shi wata dabarar kashe wutar ba, an bar shi da cutarsa ta asali, kuma komawarsa ba abin mamaki ba ce.

A nan ne zuciyar maganar take. Masu wannan hanya suna neman mai jinya ya ƙulla azamar bari gaba ɗaya, ba ragi, ba cewa sai ranar biki ko sai in rai ya ɓaci, domin zuciyar da aka bar wa ƙofa a buɗe, ko da 'yar kafa ce, ta nan za ta fita. Amma suna neman ya ɗauki alkawarin na tsawon lokacin da ya tabbata zai iya cikawa: in wata ɗaya ne, wata ɗaya, in yini ne, yini, in kuwa jarabar ta yi tsanani har ba ya iya lamunce wa kansa sai daga Azahar zuwa La'asar, to ya ɗauki wannan da dukan zuciyarsa, in La'asar ta yi ya sabunta zuwa Magariba. Tare da wannan azama mai ƙarfi, sai kuma a zauna tun ana lafiya a shirya abin da za a yi in an faɗi: wa za a kira, ina za a je, me za a yi da ragowar abin da ke aljihu. Wani zai ce shirin faɗuwa ai gayyatar faɗuwa ce. Amsa ita ce, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da ya fi halaka masu bari shi ne tunanin da ke biyo bayan tuntuɓe na farko, inda mutum zai ce da kansa tun da na riga na karya, ni dai ba ni da rabo, bari in sha in more; da haka kuskuren dare ɗaya yake zama komawa ta shekara.

Wanda ya yi karatun tauba wurin malamanmu ba zai ji wannan baƙo ba, gama sun shardanta nadama da barin laifin nan take da azamar rashin komawa har abada, kuma su ɗin dai suka karantar da cewa wanda ya koma bayan ya tuba da gaskiya, taubarsa ta farko ba ta zama ƙarya ba, ƙofa kuma ba ta rufe ba, yanke ƙauna daga rahamar Ubangiji ma shi kansa babban zunubi ne. Ya zo a cikin Sahihul Bukhari cewa akwai wani sahabi da aka sha kawowa ana yi masa haddi saboda giya, da wani ya la'ance shi don yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Hukunci bai faɗi ba, mutuncin mutumin ma bai faɗi ba. Sai dai ku riƙe wani gargaɗi na likitoci a nan: wanda ya yi makonni bai sha ƙwaya irin su tiramol da kodin ba, jikinsa ya daina jure adadin da ya saba, in ya koma ya sha kamar da, numfashinsa na iya tsayawa. Mutane da yawa a ranar komawa suke mutuwa.

Bayan faɗuwa, maimakon zagi, akan yi abin da suke kira bin sarƙa, wato a bi abin da ya faru ƙulli bayan ƙulli, daga farkonsa har ƙarshensa. A ɗauka wani saurayi ya yi kwana arba'in bai sha ba, sai ya sha ranar wata Asabar. In ka tambaye shi zai ce shaiɗan ne, ko tsautsayi. Amma in aka bi a hankali sai a tarar daren Juma'a bai yi barci ba yana kallon waya, da safe bai karya ba, da hantsi mahaifinsa ya kira shi mara amfani a gaban ƙannensa, kunya ta rufe shi, ya ce a ransa duk ƙoƙarin da ya yi ba wanda ya gani, ya fita ba tare da ya san inda za shi ba, ya bi ta layin tsohuwar majalisarsu da kuɗin cefane a aljihu, wani ya kira shi da tsohon laƙabinsa, ya zauna don a gaisa kawai. Ga ƙulli takwas ko tara, kuma a kowane ɗaya akwai abin da za a iya yi dabam: barci, abinci, kiran wani amini, bin wani layin, barin kuɗin a gida. Mai jinya kuma yana riƙe da takarda da yake cikawa kullum, yana rubuta ƙarfin jarabar da abin da ya ji da dabarar da ya gwada, don kada a dogara da tuni, wanda yakan yi wa mai shi ƙarya.

Dabarun da ake koyarwa kashi huɗu ne. Na farko shi ne halartar da zuciya, wato mutum ya koyi lura da abin da ke gudana a cikinsa ba tare da ya yanke wa kansa hukunci ko ya yi wa abin biyayya ba. In jaraba ta taso, ya ce a ransa ga ta nan ta zo, ina jin ta a maƙogwaro, ina jin ta a ciki, ya zauna yana kallonta tana hawa. Domin jaraba tana da ƙololuwa, in ta kai sai ta sauka da kanta, kuma duk lokacin da ta zo ta wuce ba a ciyar da ita ba, mutum yana ƙara sanin cewa ba ta da ikon da take riyawa. Wani malami na jami'ar nan ta Washington, Alan Marlatt, shi ya shahara da koyar da wannan ga masu shaye-shaye.

Na biyu shi ne jure ƙunci ba tare da an ƙara ɓata al'amari ba, kuma a nan dabarun na jiki ne, domin wanda zuciyarsa ta kai maƙura ba ya jin hujja. Ya cika kwano da ruwan sanyi, ya riƙe numfashi, ya tsoma fuskarsa kamar daƙiƙa talatin; wannan yana sa bugun zuciya ya ragu nan da nan, sai dai mai ciwon zuciya kada ya yi sai da izinin likita. Ko ya yi gudu ko wani aikin ƙarfi har ya yi gumi, ko ya riƙa jan numfashi a hankali yana sakinsa a hankali fiye da yadda ya ja. Musulmi ya riga ya san umarnin da aka yi wa mai fushi na ya yi shiru, ya zauna in yana tsaye, ya yi alwala. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai biya maka bashi ko ya samo maka aiki. Amfaninsu shi ne su ƙetarar da kai wannan sa'ar da hankalinka a jikinka.

Na uku shi ne sarrafa motsin rai tun kafin ya yi ƙarfi, ta hanyar kula da barci da abinci da maganin duk wata cuta ta jiki, da bincika ko abin da zuciya ta faɗa gaskiya ne, da kuma yin kishiyar abin da take umarni in umarninta ba shi da amfani. Kunya tana cewa ka ɓuya, sai ka je wurin wanda ka amince da shi ka faɗa masa. Baƙin ciki yana cewa ka kwanta a ɗaki ka rufe ƙofa, sai ka tashi ka yi wanka ka fita masallaci ko filin ƙwallo. Na huɗu kuwa shi ne iya zama da mutane: yadda za ka ce a'a ga abokin da kuka tashi tare ba tare da faɗa ko dogon uzuri ba, ka maimaita ta sau goma in ya matsa sau goma, da yadda za ka roƙi mahaifinka ya daina yi maka gori a gaban yara, cikin ladabi da tausasa murya, ba tare da ka fasa roƙon ba. Ana gwada waɗannan a aji, wani ya zama abokin, wani ya zama uban, har baki ya saba.

Akwai kuma wani tarko da suka yi wa suna, wanda nake so ku kiyaye ƙwarai. Sun ce mai jaraba yana da hali uku. Akwai halin maye, inda ƙarya da ɓoye-ɓoye da neman abin sha suke mulki. Akwai halin sakankancewa, wanda yakan zo bayan an yi wata biyu ko uku an bari, mutum ya ga ya yi ƙiba, an fara yaba masa, sai ya ce ai ni na warke, ya bar lambar dillali a wayarsa, ya koma zama a majalisar da yake cewa ya fi ƙarfinta yanzu. Sannan akwai halin basira, na wanda ya bari kuma yana jin daɗin barin, amma bai manta ko shi wane ne ba. Mai basira yana toshe hanyoyin komawa da hannunsa: ya goge lambobi, ya sauya layin waya in ta kama, ya daina yawo da kuɗin da ya wuce buƙatarsa, ya faɗa wa na kusa da shi gaskiya don ƙarya ta rasa wurin ɓuya. Kuma tun da majalisar nan ba ƙwaya kaɗai take ba shi ba, har da hira da dariya da jin cewa shi ma wani ne, wajibi ne ya nemi wata da za ta maye gurbinta, ko wurin koyon sana'a, ko makarantar dare, ko ƙungiyar wasa.

Cikakken tsarin, yadda ake yinsa a can, ya ƙunshi ganawa da mai ba da magani sau ɗaya a mako, da ajin koyon dabaru na wajen sa'a biyu a mako wanda darussansa ke ɗaukar wata shida kuma akan maimaita su a cika shekara, da damar buga waya a nemi taimako lokacin da jarabar ta taso tun kafin a sha, sannan su masu ba da maganin suna da nasu zama don kada su gaji su yanke ƙauna. In mai jinya ya ɓace, ba a cewa ya huta, nemansa ake yi. Gaskiya kuma ta wajaba game da hujjojin: gwajin da Linehan ta buga a 1999 mata 28 ne kawai, masu jarabar ƙwaya tare da larurar rikicewar hali, kuma waɗanda aka yi wa DBT sun fi rage sha, sun kuma fi tsayawa a jinya, bisa waɗanda aka yi wa maganin da aka saba. Na 2002 mata 23 ne masu jarabar hodar heroyin da danginta, dukansu ana ba su maganin likita mai rage jaraba. Ɓangarorin biyu sun rage sha, na DBT suka fi riƙe ragin har ƙarshen shekara, amma ɗaya ɓangaren, wanda aka bi da tausasawa da gaskata damuwarsu da tarukan masu bari, ba wadda ta gudu daga cikinsu. Saboda haka hanyar ta fi dacewa da wanda shansa ya samo asali daga zuciya mai tafasa, kuma ba ta kore sauran hanyoyi ba.

Ba ta kuma kore likita ba, wannan ku riƙe shi da kyau. Wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa, ko ƙwayoyin barci irin su rochi da diyazafam, in ya yanke rana ɗaya yana iya kamuwa da farfaɗiya ko ruɗewa har ta kai ga rasa rai, tiramol ma barinsa farat ɗaya yana da wahalarsa. Irin waɗannan a hannun likita ake sauka daga kansu sannu a hankali. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, da sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa, kuma zuwa can ba shaidar hauka ba ce. Abin da aka gano a 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina suka fito da ɗaruruwan mutane da sasari a ƙafa da tabon bulala a baya, ya isa ya nuna mana cewa ɗaure ƙafa yana hana tafiya na ɗan lokaci, amma ba ya koya wa mutum ko dabara ɗaya da zai yi amfani da ita ranar da aka kwance shi.

Ku kuma da Allah ya kare, kuna da wa ko ƙane ko ƙawa da ta faɗa ciki, naku aikin shi ne ku riƙe abu biyun nan tare, ko da yake riƙe ɗaya ya fi sauƙi. Kada ku ba shi kuɗin da kuka san inda za su, kada ku yi masa ƙarya don rufa masa asiri a inda rufin zai cuce shi. Amma kada ku kira shi ɗan ƙwaya, kada ku tashi in ya zauna, kuma in ya zo ya ce ya faɗi, ku fara da cewa madalla da ka faɗa mini, sannan ku tambaye shi me ya faru tun daga safe. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kai kuma da kake karanta wannan alhali abin yana aljihunka, kada ka jira Ramadan ko ranar da za ka yi aure: zaɓi mutum ɗaya da za ka faɗa wa gaskiya yau, ka nemi likita a cikin makon nan, ka ɗauki alkawarin da za ka iya cikawa daga yanzu zuwa salla mai zuwa, in ta yi ka sabunta. Allah ya ba ku ikon yi, ya shiryi zuriyarmu baki ɗaya, amin.